Tambaya Mabuɗin Ilimi: Faiba, Sola da Fitilun da Ido Ba Ya Ganin Haskensu

Wasiƙun wannan fitowa daga Jos da kewayenta suka zo, kuma duk a kan haske suke. Injiniyoyin sadarwa da na lantarki da ma'aikatan lafiya masu amsa wa wannan fili ne suka duba su. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye kamar yadda muka saba. Ma'auni ɗaya zai yi ta maimaituwa: nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Da shi ake auna tsawon zangon haske. Idon ɗan Adam yana gani ne daga wajen 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake.

Assalamu alaikum. An ja mini faiba zuwa gida wata huɗu da suka wuce. Yanzu kusan kullum sai wata jar wuta mai rubutun LOS ta riƙa ƙyaftawa a jikin akwatin, intanet ta ɗauke. Masu gyara sun zo sau biyu, sun canza rawuta, amma ba ta canza zani ba. — Magidanci daga Rayfield

Wa alaikumus salam, Alhaji. An bar jaki ne ana dukan taiki. Abu ɗaya jar wutar nan take faɗa: hasken da ke biyo zaren gilashi bai iso akwatin ba, ko ya iso a raunane. Babu ruwan rawuta a ciki.

Kaurin zaren da aka ja maka maikiron 125 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kamar silin gashi mai ɗan kauri, kuma hasken ba duka yake bi ba, sai wata cibiya a tsakiya mai faɗin maikiron 9 kacal. A tsarin GPON, wanda yawancin faibar gida ke kai, saƙo yana sauko maka a nanomita 1490, naka yana hawa a 1310.

Ka ce mai gyara ya zo da mitar haske. Ya zare kan faibar daga akwati, ya sa a mita, ya saita ta a 1490. Lambar da za ta fito dBm ce, wato ma'aunin ƙarfin haske, da alamar ragi a gabanta, kuma duk yadda lambar ta girma, haske ya ƙara rauni. Akwatunan gama-gari suna aiki tsakanin -8 da -27. Duk ragin 3 dB, rabin haske ne ya tafi.

Ga yadda lafiyayyen layi yake a lissafi. A ce haske ya baro ofishinsu da +3. Siflita, wato ɗan abin da ke raba haske ɗaya ga gidaje 32, tana cin wajen 17.5 dB. Tafiyar kilomita 8 ta ci 2. Kwanekta huɗu sun ci 1.2, haɗi shida sun ci 0.6. Jimla 21.3, saura -18.3 ke nan a gidanka, da sauran fili mai yawa. Layin da yake ɗaukewa yana dawowa kuwa, galibi a bakin gaɓa yake zaune, -26 ko -27. Iska ta kaɗa waya a kan turke, ko sanyin asuba ya takura ta, sai ya faɗa.

Ina hasken ke zurarewa? A fara da cikin gida, don a nan aka fi kama ɓarawon. Ka bi siririyar wayar da ido daga bango zuwa akwati. In an naɗe ta tamau kamar cajar waya, ko an danne ta da ƙafar kujera, ko an lanƙwasa ta a kusurwar ƙofa, ga matsalarka nan. Faiba ta gama-gari ba ta son lanƙwasar da ta fi da'ira mai faɗin santimita 6 matsewa, kwatankwacin bakin kofin shayi. Akwai nau'in G.657 da aka yi don cikin gida, ya fi juriya, amma shi ma ba a karya shi kamar tsinke. Masu aikin suna da wani alƙalami mai jar leza ta nanomita 650. In aka haska shi cikin zaren, duk inda haske ke tserewa sai ka ga wurin ya yi ja.

Na biyu datti. Ƙwayar ƙura ɗaya ta hunturu tana iya rufe sashe mai yawa na cibiyar nan. Ba a busa wa kan faiba iskar baki, ba a goge shi da gefen riga. Da ƙyalle marar gashi da sifirit mai tsabta kashi 99 ake yi, ko da alƙalamin gogewa.

Na uku launi. Kwanekta kore an fere bakinsa a karkace da digiri 8, shuɗi kuwa a miƙe yake. In aka cusa shuɗi inda kore ya kamata, fuskokin ba za su haɗu ba, haske ya zube, wani lokaci har a ƙwarzane gilashin. In cikin gida lafiya lau amma mita tana nuna -26, to aikin na kan turke ne: akwatin rabawa da ruwa ko tururuwa suka shiga, ko haɗin da ya saki. Kada ka yarda a rufe ƙorafinka sai an nuna maka lambar da idonka. Kuma kada yara su leƙa bakin zaren. Rashin ganin haske ba ya nufin babu shi.

Ina koyon haɗa faiba. Maigidana ya sayo injin haɗi na hannu daga Legas. Can an gwada shi lafiya, amma a nan yana ba mu 0.15 har 0.3, wani sa'in da kumfa a haɗin. An cuce mu ne? — Almajirin sana'a daga Dilimi

Ba lalle ba ne, ɗan'uwa. Injin nan da tartsatsin wuta tsakanin allurai biyu yake narkar da gilashi, kuma zafin tartsatsin ya danganta da nauyin iskar wurin. Legas a bakin teku take, Jos kuwa tana sama da mita 1,200. Iska ta fi sauƙi a nan, saboda haka saitin can ba zai yi daidai ba. Ku shiga jerin saitin injin, ku nemi wurin daidaita tartsatsi, ku yi shi da zare mai kyau har ya ce ya kammala. Ku maimaita duk ranar da kuka sauka Abuja aiki, da ranar da kuka dawo.

In hakan bai warware ba, ku duba ƙidayar allurai. Gwargwadon inji, tsakanin haɗi 3,000 zuwa 6,000 ake canza su, kuma injin hannu sau da yawa ya wuce wa'adin. Kumfa kuma yawanci daga datti ko mugun yanka take zuwa. Tsarin ba ya sauyawa: ka fara zura hannun rigar kariya, domin wanda ya manta da ita sai ya yanke haɗin ya sake, ka feɗe rufin maikiron 250, ka goge da sifirit har ka ji gilashin yana ƙara, sannan ka yanka. Bayan yanka ba a sake gogewa, kuma bakin ba ya taɓa komai. Karkatar yankan kada ta kai digiri 1. In tana wucewa, ka juya wuƙar mayankin zuwa lamba ta gaba, ka share kwarmin da zaren ke kwanciya da auduga mai sifirit. Haɗi mai kyau yana ƙasa da 0.1 dB, gwanaye kan samu 0.02 zuwa 0.05.

Ka sani lambar da injin ke nunawa ƙiyasi ce daga hoton kyamara, ba awo ba ce. Awo na gaskiya sai da OTDR, na'urar da ke tura haske cikin zare ta auna asararsa, daga ɓangarorin biyu, a raba jimlar biyu. Guntayen gilashin da kake yankewa ka manna su a jikin salatif ka zubar a rufaffen gwangwani. In suka shige fata, fitar da su aiki ne.

Na karanta cewa an ƙirƙiro faibar da cikinta rami ne, kuma ta fi ta gilashi. Ta yaya rami zai riƙe haske? Zai sa intanet ɗinmu ta yi sauri? — Ɗalibar kimiyya, Naraguta

Malama, tambaya mai daɗi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, ba gilashin kansa ba. A 1970 kamfanin Corning ya sauko da asarar ƙasa da 20 dB a kilomita. Faibar yau tana asarar wajen 0.2 a nanomita 1550, mafi kyawun da aka taɓa yi kuma wajen 0.14. Nan aka daɗe a cije, saboda ko gilashi ya tsarkaka, ƙwayoyinsa ba a jere suke daidai ba, suna warwatsa wani ɓangare na haske.

Mafita ita ce a fitar da hasken daga gilashin baki ɗaya. Sabon zaren yana da rami a tsakiya, kewaye da shi an jera siraran bututun gilashi, wasu cikin wasu. An auna kaurin bangonsu yadda hasken da ya nufi fita zai koma tsakiya. A 2025 masu bincike na Jami'ar Southampton a Ingila da kamfanin Microsoft suka wallafa cewa sun kai 0.091 dB a kilomita. Ki gwada da tafiyar kilomita 100: faibar gama-gari kashi 1 cikin ɗari na haskenta ke isa, wannan kuwa wajen kashi 12. Sannan haske a iska yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, a gilashi kuma wajen 204,000.

To amma ki yi lissafin. A kilomita 1,000, kusan tsawon hanyar Jos zuwa Legas, gilashi yana ɗaukar kashi 4.9 cikin dubu na daƙiƙa, rami yana ɗaukar 3.3. Wannan bambanci kasuwannin hannun jari da manyan rumbunan kwamfuta ne za su biya kuɗi a kansa. Mai kallon bidiyo a waya ba zai ji shi ba. Ga tsada, ga wahalar haɗi, kuma in ya tsinke danshi da ƙura suna shiga ramin. Ita ma tsohuwar faibar ba ta gaza ba: a 2024 cibiyar NICT ta Japan ta tura terabit 402 a daƙiƙa cikin zaren da ake sayarwa a kasuwa.

A ganinmu ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke kashe mana intanet shi ne tsinkewar waya, ko dai katafila a wurin aikin hanya, ko a teku, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka lalace a gabar Afirka ta Yamma. Hanya ta biyu da saƙo zai kewaya ta fi mana amfani a yanzu.

An ce an fito da farantin sola mai ba da kashi 34 cikin ɗari. In jira ya iso, ko in sayi na kasuwa? Wani ya kuma nuna mini ƙaramin faranti mai rubutun wat 600 da araha. — Mai shagon ɗinki, Bukuru

Hajiya, sayi na kasuwa, amma ba wancan mai arahar ba.

Labarin gaskiya ne. Silikon shi kaɗai ba zai wuce wajen kashi 29 ba, domin hasken shuɗi yana ɗauke da ƙarfin da ya fi wanda silikon ke iya karɓa, rarar sai ta zama zafi. Dabarar ita ce a shimfiɗa wani siririn sinadari mai suna ferobsikait a sama, ya kama shuɗi da kore, ya bar ja da abin da ke ƙasa da ja su wuce wa silikon. A 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwada sinadarin, kashi 3.8 ya samu. A 2024 kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai 34.6 da wannan haɗin biyu. Sai dai a kan ɗan guntu mai girman farce aka samu lambar. Da Oxford PV ya fara sayar da cikakken faranti a Satumban 2024, kashi 24.5 yake bayarwa, wato ɗan sama kaɗan da silikon mai kyau na kashi 22 zuwa 23. Sinadarin ba ya shiri da danshi da zafi, akwai dalma a cikinsa, kuma har yanzu ana kan gwada ko zai yi shekara 25 da ake ba silikon garanti. Da sauran rina a kaba.

Shi kuma mai wat 600 ɗin, tef ɗinki na awo zai tona masa asiri. Ana auna faranti ne da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Ki auna tsawo da faɗi da mita, ki ninka su, ki ninka da 1,000, sannan da 0.22. Farantin wat 550 na gaskiya yana da tsawon mita 2.28 da faɗin 1.13, wato murabba'in mita 2.58. Wanda bai wuce murabba'i 1.6 ba, iyakarsa wat 350. Kafin ya ba da 600 sai ya kai kashi 37 da rabi, abin da babu shi a kowace kasuwa. Araha ba ta ado.

Jos tana da rabo a nan. Lambar jikin faranti a zafin digiri 25 aka auna ta, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0.35 cikin ɗari. Da tsakar rana faranti yakan fi iskar gari zafi da digiri 25 zuwa 30. In ya kai 55 a Jos, mai 550 zai ba da wajen 490. In ya kai 65 a Abuja cikin Maris, wajen 470. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da kwanon rufi, a fuskantar da shi kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Da hunturu a wanke shi duk mako da sassafe, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Ba a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi. Kashin tsuntsu kuma kada ya kwana biyu, don gurbin da ya rufe yana ɗaukar zafi har ya ƙone.

Na haɗa wa wani gida farantai uku na wat 550 a jere kan kwantirolar cajin batir mai bolt 150. Ta yi aiki tun Afrilu, sai a Disamba da sassafe ta ƙone, ko lodi ba a kunna ba. — Mai aikin wayarin, Farin Gada

Malam, sanyi ne ya ƙone ta. Juya farantin ka karanta Voc, wato bolt ɗin da yake bayarwa ba tare da lodi ba. A irin wannan faranti wajen 49.6 ne. Uku a jere 148.8, saura ƙiris ka taɓa 150 tun a digiri 25. Shi kuwa bolt hawa yake in an yi sanyi, wajen kashi 0.27 cikin ɗari a kowane digiri. Safiyar da Jos ta sauka digiri 8, bambancin 17 ne, ƙarin kashi 4.6, wato bolt 155 da ɗoriya. Kuma bolt ba ya jiran rana ta take. Da gari ya waye yake tashi kusan cikakke, tun farantin yana da sanyin dare, kwantirola ba ta fara ja ba.

Ga aikin Jos, Bukuru da Barikin Ladi, ka yi lissafinka a digiri 5, sannan ka bar rarar kashi 10. Ko ka jera biyu-biyu ka haɗa layukan gefe da gefe, ko ka sayi mai bolt 250. Ka sa birekar da aka yi don wutar DC, irin wadda faranti ke bayarwa, tsakanin farantai da kwantirola. Ta wutar gida ba ta iya kashe tartsatsin DC. A yawancin kwantirola batir ake fara haɗawa kafin farantai, wajen cirewa kuma farantai ne farko.

Muna da gidan ruwan leda. Fitilar kashe ƙwayoyin cutarmu tana ci da shuɗin haskenta, amma gwajin da muka kai ya nuna akwai ƙwayoyin cuta. — Manajan gidan ruwa, hanyar Bauchi

Malam, shuɗin da kake gani ba shi ke aikin ba. Mai kashe ƙwayoyin yana nanomita 254, ido ba ya ganinsa, kuma yana raguwa a hankali alhali shuɗin yana nan. Wa'adin irin wannan fitila wajen awa 9,000 ne, shekara ɗaya ke nan in ba a kashewa. Ka rubuta ranar da aka sa ta a jikin bututun.

Abin da ake nema shi ne kowane ɗigon ruwa ya sha milijul 40 a murabba'in santimita. Wannan ƙarfin haske ne a ninka da lokacin da ruwa ya yi a gaban fitila. In ka sa famfo mai tura ninki biyun abin da aka rubuta wa na'urar, ka raba maganin biyu. Ka auna da bokitin lita 20 da agogo, ka gwada da lambar jikinta.

Sai rigar gilashin da fitilar ke ciki. Ta kwaz ce, domin gilashin taga yana tare wannan haske gaba ɗaya. In ta fashe aka musanya ta da gilashin gama-gari, an kashe aikin. Ruwan burtsatse mai ƙarfe yana shafa mata ja-ja, mai gishirin alli yana shafa mata fari. Ka kashe wuta, ka zare ta duk wata uku, ka wanke da ruwan lemun tsami ko ruwan kal, ka riƙe ta da safar hannu. Ƙarfe a ruwa kada ya wuce miligiram 0.3 a lita, kuma lalle matata mai maikiron 5 ta gabaci fitila, don ƙwayar cuta tana fakewa a bayan ƙwayar laka.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɗauke wuta. In ruwa yana gangarowa daga tanki fitila a mace, ɗanyen ruwa ya shige layin. Ka sa bawul mai rufe kansa in babu wuta, ka ba fitila minti biyu zuwa biyar ta yi zafi kafin a buɗe. Haske ba ya barin saura a ruwa kamar kilorin, saboda haka fitila ce ta ƙarshe kafin injin leda, kuma bututun da ke bayanta sai ana wanke shi da kilorin.

Sabbin fitilun LED na nanomita 265 zuwa 280 suna tashi nan take, babu zaiba a cikinsu, amma ƙasa da kashi 10 na wutar da suka ci ke zama haske mai amfani, tsohuwar kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Sun dace da famfon kicin, ba gidan ruwa ba tukuna. Ko wacce ce, ba ta cire dalma ko wani ƙarfe. Mai jan ruwa kusa da tsoffin kududdufan kuza sai ya yi gwajin sinadarai daban.

Jikana kwanansa uku, idonsa ya yi rawaya. Maƙwabta sun ce a riƙa shanya shi a hantsi. — Kaka daga Gangare

Hajiya, a kai shi asibiti yau a auna jininsa. Shawarar jarirai tana iya taɓa ƙwaƙwalwa in ta yi yawa, kuma ido ba ya iya auna ta. In rawayar ta fito tun ranar haihuwa, ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi kama nono, ko yana banƙarewa da kuka mai tsini, ba a jira gari ya waye.

Gaskiya ne haske magani ne, amma shuɗi na nanomita 460 zuwa 490, wanda ke sauya sinadarin rawayar yadda jiki zai fitar da shi. Ɗanyar rana tana haɗe da hasken da ke ƙona fata, tana sa zafin jiki ya hau, a sanyin Jos kuma jaririn da aka tuɓe yana iya sandarewa. Abin da maƙwabta suka ji ƙila binciken da aka yi a Legas ne, aka wallafa a 2015, kan jarirai 447. A can ƙarƙashin rumfa mai leda ta musamman aka sa su, wadda ke tare hasken mai ƙuna, ma'aikata suna auna zafin jikinsu a kai a kai, kuma masu shawara marar tsanani aka zaɓa. Ya yi aiki a kashi 93 cikin ɗari na ranakun, fitilar asibiti kashi 90. Wannan ba shanya a tsakar gida ba ce.

Ga ƙananan asibitocin da ke haɗa akwatinsu da shuɗin LED: shuɗi a ido ba hujja ba ne. A auna da mita a daidai fatar jariri. Magani mai ƙarfi yana buƙatar aƙalla maikirowat 30 a murabba'in santimita a kowace nanomita. A rufe idanu, a bar kunzugu kaɗai, a ci gaba da ba da nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Ke kuma Hajiya, ki fitar da kafur daga akwatin kayansa. Yana fasa jinin yaran da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, kuma suna da yawa a ƙasar nan.

Koriyar leza da yara ke wasa da ita tana da illa? — Uba daga Tudun Wada

Tana da ita, Malam. Iyakar ta nuni miliwat 5 ce, amma na arha sukan ninka haka sau da yawa, komai aka rubuta a jikinsu. Koren nanomita 532 daga hasken 808 da 1064 ake samo shi, in kuma ba a sa matata ba waɗannan biyun suna fita tare da shi. Ido ba ya ganinsu, balle ya ƙyafta. Tabon da suka yi a bayan ido yakan zauna. Wadda take fasa balan-balan ko kunna ashana ba kayan wasa ba ce. A karɓe ta.

Mahaifinmu ya yi aikin kuza. An ce ma'adinan Filato suna cikin kayan fasahar haske. Haka ne? — Mai karatu daga Sabon Gidan Kanar

Haka ne, ɗan'uwa, Allah ya saka wa Baba. Gilashin taga a kan narkakkiyar kuza ake shimfiɗa shi ya yi sumul. Fuskar wayar da kake shafawa tana da wani shafi mai ɗaukar lantarki wanda haske ke ratsawa, kusan kashi 10 nasa daga kuza ne. Kolombait kuwa, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa fitarwa a shekarun 1950, daga shi ake samun nayobiyam. In aka haɗa shi da litiyam, irin wanda ake haƙa a Nasarawa, ana samun wani ƙanƙaran dutse da lantarki ke sauya gudun haske a cikinsa, da shi ake rubuta saƙo a kan leza kafin ta shiga faiba. Tsohon samfurinsa tsawonsa ya kai santimita 10. A 2018 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka yi shi da shafin da bai kai maikiron ɗaya ba, tsawon santimita 2, yana aiki da bolt ɗaya da ɗoriya.

Yau kusan kashi 90 na nayobiyam daga Barazil yake fitowa, yawancinsa kuma ƙarfe ake ƙarfafawa da shi. Na aikin haske sai an tace shi ya kai kashi 99.99, a narkar da shi sama da digiri 1,250, a ja dutsen a hankali.

Tunda kuna kusa da tsoffin ramukan: yashin da aka bari bayan wankin kuza yana ɗauke da monazait da zakon, masu fitar da tiriri mai cutarwa saboda toriyam da yuraniyam da ke cikinsu. Kada a ɗebe shi a yi bulo ko filastar ɗakin kwana, kuma kada a ajiye buhunansa a cikin gida.